Yadda Ake Zaɓen Girman Leda Don Zuba Kayan Abincin Sayarwa

Masu sana'ar yaji, garin kunu, dambun nama, cincin da kilishi sun sha yi mini tambaya iri ɗaya: "Wace leda zan saya ta giram 250?" Amsar da ba sa son ji ita ce, babu wata leda ta giram 250. Leda ba ruwanta da nauyi, wuri kawai ta sani. Wadda za ta ɗauki rabin kilo na gishiri har da sauran fili ba za ta ɗauki giram 100 na busasshen zoɓo ba. Giram ɗin da dila ya rubuta a jikin fakiti da wani abu daban aka auna shi, galibi 'ya'yan kofi ko shinkafa, ba da kayanki ba. Don haka aikin daga kayanki yake farawa, kasuwa kuma sai daga baya.

Da yake mata ne suka fi yin tambayar, da su zan yi magana. Maza masu kilishi da dabino, ku ɗauka har da ku.

Kayan da za ki tanada

Ƙaramin sikeli mai batir wanda yake nuna giram ɗai-ɗai. Kofin awo mai layuka na lita ɗaya, irin na masu kek. Rula ko tef ɗin tela mai santimita. Injin liƙe leda da kike aiki da shi, ko wanda kike shirin saya. Katan ɗin da kike tura kaya a ciki. Bokitin ruwa. Littafi da biro. Sai kayan sayarwar kansa, aƙalla kilo ɗaya, wanda aka gama sarrafawa kamar yadda zai je hannun mai saye.

1. Ki tsayar da adadin da za ki sayar

Kafin maganar leda, ki yanke: giram nawa ne a kowace ƙulla? Abu biyu ne ke yanke wannan, kuɗin da mai saye zai iya cirewa ba tare da ya yi dogon tunani ba, da kuma kwanakin da kayan zai yi a hannunsa bayan ya buɗe. Yaji da garin kuka suna jure watanni, ana iya yin manya. Dambun nama da soyayyar gyaɗa kuwa, da zarar an buɗe iska ta fara shiga, man ya fara sauya ɗanɗano, gara a yi su daidai cin 'yan kwanaki.

Ki tsaya a girma biyu, in ya yi yawa uku. Misali giram 100, 250 da 500. Kowane girma da kika ƙara, kin ƙara wata ledar, wata sitikar, wani katan, da wani kuɗin da zai kwanta a ɗaki.

Gargaɗi: kada ki tsayar da adadi da gwangwani ko tiya ko mudu. Gwangwanin wata ba na wata ba ne, kuma cikawar safe ba ta yamma ba ce. Abin da za a rubuta a sitika giram ne, ko mililita in ruwa ne.

2. Ki auna wurin da kayan yake ci

Nan ne zuciyar aikin, kuma minti goma ya ishe shi.

Ki ɗora kwano a sikeli, ki danna maɓallin da yake mayar da shi sifili, ki auna giram 100 daidai. Ki juye a kofin awo a hankali, ba dannawa, ba girgizawa. Ki karanta layin da ya kai, ki rubuta. Sannan ki bubbuga gindin kofin a kan tebur sau goma, kayan ya zauna, ki sake karantawa, ki rubuta. Yanzu kina da lamba biyu.

Lamba ta farko, ta sako-sako, ita ce take gaya miki ko kayan zai shiga ledar a lokacin zubawa. Gari in ana zuba shi yana ɗauke da iska, yana kumbura, kuma a wannan halin za ki rufe leda. Lamba ta biyu ita ce take nuna yadda ledar za ta kasance bayan ta sha jijjiga a mota daga Kano zuwa Abuja, wato abin da mai saye zai gani a kanti. Idan tazarar lambobin biyu tana da yawa, kamar yadda ake samu a garin ɗanwake, garin kunun gyaɗa da dambun nama, to ki sa a ranki cewa sai kin riƙa bubbuga kowace leda kafin liƙewa, in ba haka ba za ta isa kanti kamar an ɗebe rabi.

Ga lissafin. A ce giram 100 na yajinki ya kai layin mililita 200 a sako-sako. Giram 250 ke nan zai ci mililita 500. Giram 500 zai ci lita ɗaya.

Don ki ga girman bambancin: ruwa giram ɗaya mililita ɗaya ne. Zuma ta fi ruwa nauyi, rabin kilonta wajen mililita 350 kawai take ci. Man gyaɗa ya fi ruwa sauƙi, litarsa ɗaya ba ta cika kilo ba, tana wajen giram 920. Kilo ɗaya na sukari ko shinkafa yana cin lita ɗaya da 'yan kai. Kilo ɗaya na fulawa yana doshin lita biyu. Gugguru kuwa, giram 50 kacal yana iya cika kofin lita ya zubo.

Gargaɗi: ki maimaita awon da kaya na niƙa daban-daban, aƙalla uku. Yajin da inji ya niƙa lukwi bai cin wuri ɗaya da mai tsaki-tsaki. Dabino manya suna barin ramuka a tsakaninsu fiye da ƙanana. Kayan da aka shanya a hunturu ya fi na damina bushewa da rashin nauyi, saboda haka ya fi cin wuri a giram ɗaya. Ki yi aiki da lambar da ta fi girma.

3. Ki ƙara filin sama

Ba a cika leda har baki. Abin da ya fi dacewa da yawancin kaya shi ne su cika kashi uku cikin huɗu na wurin da ke ƙasan zif. Hanya mai sauƙi: ki ɗauki lambar da kika samu, ki ƙara mata kashi ɗaya cikin ukunta. Mililita 500 na yajin nan ya zama wajen 670. Ledar da take ɗaukar haka za ki nema.

Filin nan ba asara ba ne. Shi ne yake barin bakin leda ya kwanta shafal a cikin inji, ba tattara. Shi ne yake hana gari shiga haƙoran zif, domin zif ɗin da gari ya cika ba ya kamawa. Shi ne kuma yake ba ledar damar lanƙwasa idan an danne ta a katan, maimakon ta fashe.

Kayan da suke karyewa, irin su cincin mai taushi, gugguru da soyayyar ayaba, suna son fili fiye da haka, a bar musu iska a ciki ta zama matashi. Gari da hatsi akasin haka ne, a matse iskar a fitar kafin a liƙe.

Gargaɗi: iskar da aka rufe a leda tana kumbura idan ta ji zafi, kuma tana kumbura idan an hau tudu. Ledar da aka liƙe tam da iska a Legas ko Lakwaja, in ta isa Jos, wadda take sama da mita 1,200 daga matakin teku, za a gan ta ta ƙara tashi. Haka wadda ta wuni a but ɗin mota a watan Afrilu. In kin bar iska, kada ta kai yadda ledar ba ta lotsawa idan an danna ta da yatsa.

4. Ki zaɓi siffar leda kafin lambarta

Mai tsayuwa, wadda take da ninki a gindi, ita ce aka fi gani yanzu. Ta dace da gari, gyaɗa, dabino, aya, dambu da cincin, daga giram 50 zuwa wajen kilo ɗaya.

Shimfiɗaɗɗiya, wadda aka liƙe gefe uku aka bar baki ɗaya, ta fi arha, kuma ita ce ta ƙananan ƙulli da kilishi. A kilishi ma kofin awo ba shi da amfani. Faɗi da tsawon yankan ne abin aunawa. Ki yanka kwali daidai girman da kike so, masu yanka su riƙa bin sa, sannan ki nemi ledar da cikinta ya fi kwalin da santimita ɗaya da rabi zuwa biyu ta kowane gefe, da ƙarin huɗu ko biyar a sama. Idan za a jera falle da yawa, ki tuna kaurinsu yana cin faɗin leda. Haka ƙuli-ƙuli mai tsawo: mafi tsawon sanda shi ne ma'auni.

Mai ninki a gefe biyu, ko mai gindi murabba'i, ita ce ta kaya masu nauyi, daga kilo ɗaya zuwa sama: shinkafa, garin tuwo, acca, wake. Mai tsayuwa ta gama-gari idan ta wuce kilo biyu sai ta yi tumbi ta riƙa kifewa.

Mai baki da murfi ta ruwa ce: zuma, man gyaɗa, zoɓo, kunun aya. A nan girman bakin ma abin dubawa ne. Ƙaramin baki na wajen milimita 10 ya ishi zoɓo, amma zuma da shi sai an yi ta matsa ana jira, gara mai milimita 16 ko sama. Man shanu kuwa ban ba da shawarar wannan leda ba sam, don da sanyi ya shigo zai daskare ya ƙi fita.

Gargaɗi: ruwa idan ya zama ƙanƙara yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. Duk abin shan da zai shiga firiza a bar masa fili. Kunun aya da kunun zaƙi kuma in suka fara tsami suna fitar da iska, ledar ta kumbura, kuma babu girman da zai magance wannan sai sanyi.

5. Ki koyi karanta lambobin leda

Za ki ga an rubuta wani abu kamar 16 x 24 + 4. Na farko faɗi ne, na biyu tsawo, na uku ninkin gindi, duk a santimita, kuma duk an auna su ne ledar tana kwance babu komai a ciki, daga gefen waje zuwa gefen waje. Wurin da kaya zai zauna bai kai haka ba, kuma a nan mutane da yawa suke faɗawa rami.

Daga faɗi, ki cire liƙin gefe biyu. Kowanne yana cin rabin santimita zuwa ɗaya. Ledar 16 ke nan cikinta 14 zuwa 15 ne.

Daga tsawo, ki cire duk abin da ke saman zif. Yawanci santimita uku ne ko kusa da haka, a nan ake liƙewa, a nan kuma 'yar tsagar yagewa take. In ledar tana da hujin ratayewa, abin da ya tafi ya fi haka. Ledar 24 ke nan ta koma 21 ko 20, kuma daga ciki ne za ki bar filin sama.

Lambar gindi ita ce mai rikici. Wasu suna rubuta zurfin ninkin a naɗe, wasu suna rubuta faɗinsa idan an buɗe. Ledar da wani ya kira +4 ita ce wani zai kira +8. Ki sa rula da kanki, ko ki ce a ɗauko miki hoton ledar da rula a jikinta.

Don ki san inda za ki fara nema, ga kimantawa ta leda mai tsayuwa in an cika ta zuwa zif: 10 x 15 tana wajen mililita 150, 14 x 20 tana kusan rabin lita, 16 x 24 tana doshin lita ɗaya, 20 x 30 tana wajen lita biyu. Wannan na zaɓen samfur ne kawai, ba na yin sari ba. Yajinmu mai neman 670 ya faɗa tsakanin 14 x 20 da 16 x 24, saboda haka 15 x 22 da 16 x 24 su ne za a gwada.

Gargaɗi: idan daga waje kike oda ko ta intanet, ki tabbatar ko santimita ne, ko milimita, ko inci. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Ledar 6 x 9 a inci ita ce wajen 15 x 23 a santimita, amma 6 x 9 a santimita ko cokali uku na yaji da ƙyar ta ɗauka.

6. Ki duba baki da kauri

Leda biyu suna iya ɗaukar adadi ɗaya, ɗaya siririya doguwa, ɗaya gajera mai faɗi. Ki tambayi kanki da me za a ɗebi kayan. In cokali ne, doguwar leda tana sa hannu ya ɓaci kafin a kai gindi. In hannu ne, kamar gyaɗa da cincin, hannun babba ba ya shiga da daɗi a ledar da faɗinta bai kai 13 ko 14 ba. Ludayin da kike zubawa da shi ma ya shiga ba tare da ya goga a zif ba. Gajera mai faɗi ta fi tsayuwa da kyau, siririya kuma ta fi barin wuri a kan kanta.

Kauri da maikiron ake faɗinsa, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Na ƙananan kaya marasa kaifi, wajen 80 zuwa 100 ya wadatar. Kilo ɗaya zuwa sama, ko kaya masu tsini irin busasshen kifi, kilishi, busasshiyar citta da zoɓo, ki nemi 120 ko fiye. Leda mai kauri, musamman mai takarda ruwan ƙasa a waje ko mai alminiyam a ciki, ba ta buɗewa sosai kamar sirara, saboda haka tana ɗaukar ƙasa da 'yar uwarta mai lamba iri ɗaya. In kin sauya nau'in leda, sai kin sake gwaji ko da lambobin ba su sauya ba.

Gargaɗi: wasu dillalai suna haɗa kaurin gaba da baya su faɗi jimla. Wanda ya ce miki 160, mai yiwuwa 80 ce kowane ɓangare. Ki tambaya: falle ɗaya ko biyu? Araha ba ta ado, ledar da ta fi kowace sauƙin kuɗi galibi a kauri aka rage.

7. Ki sayo samfur, ki cika, ki wahalar da shi

Ki sayi guda biyar zuwa goma na girman da lissafi ya nuna, da na ƙasa da shi, da na sama da shi. A Kano ana samun masu sayar da irin waɗannan ledoji a kasuwar Sabon Gari, haka a manyan kasuwannin Kaduna da Abuja, kuma da yawa suna tallatawa a Instagram da WhatsApp. Wasu ba sa son fasa fakiti. Ki roƙa, ko ki biya ɗan ƙari a kan kowace ɗaya, ko ku haɗu ku uku masu sana'a ku raba fakiti. In za ki shiga kasuwa da kanki, ki tafi da kayan a aune a cikin jaka, ki zuba a gaban mai shago. Sayen bandir ba gwaji daidai yake da tela ya yanka shadda bai auna mai ita ba.

Ki buɗe gindin ledar sosai da hannu kafin zubawa. Ninkin da bai buɗe ba yana cinye wuri mai yawa, har ki zaci ledar ta yi kaɗan. Ki zuba adadin a aune, ki bubbuga, ki rufe zif, ki liƙe. Sannan:

Ki tsayar da ita a tebur ki ɗan ture ta da yatsa. In ta faɗi da sauƙi, ko ta yi tsawo da yawa ko gindin ya yi kaɗan. In saman ya lanƙwasa ya rufe gaba, ta yi girma.

Ki sake ta daga tsayin ƙugu zuwa siminti, sau uku: ta gindi, ta gefe, ta ciki. Ki duba kusurwoyin gindi, a nan take fara tsagewa.

Ki nutsa ta a bokitin ruwa ki matsa a hankali. In kin ga ƙananan kumfa suna fita a jere, akwai huji ko liƙin bai kama ba.

Ki ajiye biyu na tsawon sati biyu, ɗaya a tsaye, ɗaya a ƙarƙashin wasu kaya. Ki duba yadda kayan ya zauna, ko mai ya ɓullo a jikin takarda, ko ƙamshi yana fita. Daddawa da yaji mai tafarnuwa su ne suke tona asirin leda a wannan gwajin.

A ƙarshe ki miƙa wa wani wanda bai san komai a kai ba, ki ce ya buɗe ya ɗiba ya rufe. Ki kalli hannunsa, kada ki ce komai.

Gargaɗi: kada ki zuba kaya da ɗumi. Cincin ko gyaɗar da ba ta huce ba tana yin gumi a cikin leda, ta yi laushi, ta yi fumfuna, kuma iskar ciki in ta huce ledar tana shanyewa ta ɓata miki gwajin.

8. Ki gwada ta da inji, da sitika, da katan

Injinan liƙe leda na hannu suna zuwa da tsawon santimita 20, 30 da 40. Dole bakin ledar ya shiga gaba ɗaya da ɗan rara. Ledar da faɗinta 20 ne ba ta injin 20 ba ce, kusurwa ɗaya za ta riƙa tsira. Liƙi biyu da aka haɗa a tsakiya kuma yawanci nan iska take shiga. Ki duba faɗin wayar injin ma. Siririya ta milimita 2 ta ishi leda sirara, amma mai alminiyam da mai takarda sun fi son ta milimita 5 ko sama, da ƙarin zafi.

Sitika a kan cikakkiyar leda ake auna ta, ba a kan wadda take kwance ba. Idan leda ta cika, ƙasanta yana yin ciki, gefunanta suna juyawa baya. Wurin da ya rage shafal shi ne daga ɗan ƙasan zif zuwa saman lanƙwasar gindi, a bar santimita ɗaya da rabi ta kowane gefe. A cikin wannan fili, gaba da baya, sai an samu wurin abin da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, take nema a jikin abinci: sunan kaya, abubuwan da aka haɗa, nauyin abin da ke ciki, suna da adireshin mai yi, lambar rukunin da aka sarrafa, ranar yi da ranar ƙarewa, yadda za a adana, da lambar rajista. Sau da yawa wannan ne yake tilasta wa mai ƙaramin ƙulli ta ƙara girman leda, ba kayan ba. In ledar mai taga ce, kada sitika ta rufe tagar, kuma ki tabbatar kayan ya haura saman tagar bayan ya zauna. Taga da take nuna rabin fili babu kaya tana kashe ciniki.

Akwai wata dabara ta rage kuɗi a nan. Takardar A4 faɗinta 21 ne, tsawonta 29.7. Sitika mai 10 x 14 guda huɗu take fita a ciki. Ki ƙara santimita ɗaya kacal ta zama 11 x 15, sai biyu. Kuɗin bugawa ya ninka saboda abin da ido ma ba zai lura da shi ba.

Sai katan. Ki cika guda 12 ko 24 ki jera, ɗaya kai sama ɗaya kai ƙasa in a kwance ne, don gindi mai kauri ya haɗu da baki marar kauri. Katan ya rufe ba tare da an danna ba, kuma in an girgiza kada a ji kaya suna yawo. In kina tura kaya waje ta jirgi, ki sani kamfanoni irin su DHL suna lissafa girman katan ma: tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5,000, in abin da ya fito ya fi nauyin gaske a kilo, shi za ki biya. Ledar da ta yi girma, iska za ki riƙa biya wa kuɗin jirgi. In kuma babban kanti kike kai wa, ki je da tef ki auna tazarar kantocinsu kafin ki tsayar da tsawo.

Gargaɗi: nauyin da aka rubuta na kayan ciki ne kaɗai, ban da leda. Ki ɗora ledar a sikeli ki mayar da shi sifili kafin zubawa. Babbar leda mai zif tana iya kai giram goma ko fiye, kuma haɗa ta cikin awo tauye mudu ne, ko da ba da niyya ba. Haka in tsada ta sa kin rage giram, ki sauya sitika a ranar.

9. Ki yi lissafin kuɗi a kan kowace ƙulla

Yawancin waɗannan ledoji daga waje ake shigo da su, ko kuma kayan haɗa su, don haka farashinsu yana bin dala. Abin da aka gaya miki wata biyu da suka wuce ba shi ne na yau ba. Lissafin dai ba ya sauyawa: kuɗin fakiti, da kuɗin mota, da sitika, a raba da adadin ledojin da suka fita lafiya, ba adadin da aka saya ba.

A ce, don misali kawai, fakiti mai 100 ya zo miki a naira 9,000, mota 1,000, sitika 5,000, kuma biyar sun lalace wajen liƙi. Naira 15,000 a raba da 95, kowace ƙulla ta ci kusan 158. In kayan na naira 3,000 ne, wannan ba komai ba ne. In na naira 500 ne, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi a leda. Shi ya sa ƙananan ƙulli ba sa ɗaukar leda mai tsayuwa mai zif. A ba su shimfiɗaɗɗiya marar zif, tunda abin da za a cinye a zama ɗaya bai buƙatar a sake rufe shi.

Idan girma biyu duk sun yi a gwaji, ki ɗauki ƙaramar, muddin tana liƙuwa ba tattara. Ta fi arha, ta fi cika ido, ta fi shiga katan. Babbar sai in kayanki irin mai sauya girma ne daga niƙa zuwa niƙa.

10. Ki saya daki-daki, ki rubuta komai

Fakiti ɗaya tukuna, mai 50 ko 100. Ki sayar da shi duka, ki ji abin da masu saye da masu kanti suka ce. Daga nan sai sari.

Buga suna da zane a jikin ledar kanta shi ne na ƙarshe. A manyan injinan bugu, kowace kala da nata silinda, wato ƙarfen da yake ɗauke da zanen, kuma an sassaƙa ta ne daidai girman leda ɗaya. In kika sauya girma, sai an yi sababbi, ki sake biya. Irin wannan bugu kuma ba a karɓar oda sai ta dubbai, sau da yawa daga 10,000 zuwa sama a kowane girma. Akwai masu bugun dijital da suke karɓar ɗaruruwa, amma kowace leda ta fi tsada. Ni dai shawarata, kada a buga sai girman ya yi damina ɗaya da rani ɗaya ana sayar da shi da sitika ba tare da an sauya ba.

Gargaɗi: 16 x 24 ta wannan dila ba lallai ta zama 16 x 24 ta wancan ba. Zif yana iya sauka ƙasa, liƙin gefe ya ƙara faɗi, gindi ya rage. Ko dila ɗaya ma, sabon kaya yana iya bambanta da tsoho. Duk sabon fakiti, ki ciro ɗaya ki cika kafin ki biya kuɗin sauran.

A littafinki, kowane kaya ya samu shafinsa: sunansa, giram, mililita a sako-sako da bayan bubbugawa, faɗi da tsawo da gindin leda kamar yadda rularki ta nuna, tazarar zif daga baki, kauri na falle ɗaya, girman sitika, lambar zafin da kike sa inji, adadin da ke shiga katan, da wurin da kika saya da ranar. Ki maƙala leda ɗaya marar komai a shafin, ita za ki riƙa ɗauka zuwa kasuwa ki ɗora a kan sabuwa, gefe da gefe, zif da zif.